Birkin Tsohuwar Tarakta: Tarihin Motar Noma Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi

A ƙarƙashin ƙafar dama ta direban tarakta akwai feda biyu dab da juna, ɗaya ta birkin tayar baya ta hagu, ɗayar ta tayar dama. Tsakaninsu akwai ɗan ƙarfe kamar sakata, wanda ake haɗe su da shi idan za a hau titi, domin taku ɗaya ya kama tayoyin biyu tare. A kan tsofaffin taraktocin da ke aiki a Tamawa da sauran ƙauyukan da ke tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi, ba abin mamaki ba ne a tarar sakatar nan ta daɗe da karyewa, ko kuma feda ɗaya tana nutsewa har ƙasa ba ta kama komai ba. Injin kuwa lafiyarsa ƙalau, don an sha yi masa garambawul.

Dalilin wannan bambanci a fili yake. Taraktar da injinta ya mutu ba ta kawo ko kwabo, saboda haka a ranar ake nemo bakanike. Wadda birkinta ya mutu kuwa tana fita da asuba, ta yi huɗa, ta dawo da kuɗi da magariba. Shi ya sa birki ne na ƙarshe a layin gyara. Sai dai ɗora laifin duka a kan son kuɗin masu tarakta gajarta labari ne. Lalataccen birkin nan gadon tarihi ne na kusan shekara 80: an ƙera motar domin gona, hukumomin da suka kawo ta sun tanadi kuɗin saye sun manta da na gyara, daga bisani kuma neman abinci ya fitar da ita kan titi tana jan kaya da mutane, aikin da birkinta bai taɓa shirya masa ba.

Motar da aka ƙera domin gona

Jar taraktar nan mai tambarin Massey Ferguson, wadda aka fi sani a ƙasar Hausa, asalinta yana komawa ga Harry Ferguson, wani maƙerin injuna daga Arewacin Ailan. Taraktocin farkon ƙarni na 20 jan garma suke yi a bayansu kamar yadda doki ke ja, don haka sai sun yi nauyi ƙwarai kafin tayoyinsu su kama ƙasa. In kuma garmar ta ci karo da dutse ko saiwar itace, gaban motar kan ɗaga ta kife a kan direba. Ferguson ya ƙirƙiro hanyar ɗaura garma a jikin tarakta da hannuwan ƙarfe uku, tare da famfon mai da ke ɗaga ta yana sauke ta. Da wannan dabara nauyin garma da turjiyar ƙasa suka koma suna danna tayoyin baya, sai ƙaramar mota marar nauyi ta iya aikin babba.

A 1938 ya ƙulla yarjejeniya da Henry Ford na Amurka, aka fara ƙera tarakta mai wannan tsari a 1939. Daga baya Ferguson ya koma birnin Kobentiri na Ingila, inda daga 1946 zuwa 1956 aka ƙera ƙaramar taraktarsa mai launin toka, samfurin TE20, fiye da guda 500,000. A 1953 kamfaninsa ya haɗe da Massey-Harris na Kanada. A 1964 aka fito da samfurin 135 da 165 masu injin Perkins, waɗanda su da ƙannensu irin su 265 da 375 suka cika gonakin Afirka da Asiya.

Wannan tsari shi ya yanke wa birki matsayinsa. Samfurin 135 nauyinsa wajen tan ɗaya da rabi ne, 165 kuma ya ɗan haura tan biyu, gudunsu duka bai wuce kilomita 30 a awa ba. A cikin gona garmar da ke nutse a ƙasa ita ce birki: da zarar direba ya taka kuloci, motar ta tsaya cik. Babban aikin birki a nan shi ne juyawa. In an kai ƙarshen kunya, direba ya ɗaga garma, ya karya sitiyari, ya taka feda ɗaya, tayar wannan gefen ta tsaya, motar ta juya a kanta cikin ɗan fili kaɗan. Saboda haka aka raba fedar biyu, aka kuma sa birkin a tayoyin baya kaɗai. Tayoyin gaba na waɗannan tsofaffin motoci ba su da birki ko kaɗan.

Abin da shanun huɗa suka riga ta da shi

Kafin tarakta ta iso lardin Katsina, wata garmar ta riga ta. A ƙarshen shekarun 1920 ma'aikatar gona ta Turawan mulkin mallaka, mai cibiyar bincike a Samaru tun 1922, ta fara koya wa manoma huɗa da shanu. En'e kan ba manomi rancen bijimai biyu da garmar ƙarfe, ya riƙa biya a hankali. Gonar auduga ta Daudawa, a kudancin lardin, tana cikin wuraren da aka fara gwajin. Garmar da ta karɓu ita ce mai tayar da kunya, wadda kamfanin Ransomes na Ingila ke ƙerawa da sunan Emcot. Burin Turawa shi ne ƙarin auduga da gyaɗa, amma manoma suka karɓi abin don amfanin kansu. Lokacin da Polly Hill ta yi bincikenta a Batagarawa a 1967, wanda ta buga a littafin Rural Hausa a 1972, ta tarar da masu garmar shanu suna yi wa maƙwabtansu huɗa a biya su.

Abu biyu suka zaunar da garmar shanu. Na farko, maƙerin gari yana iya gyara ta, har ya ƙera sabuwa da tsohon ƙarfen mota. Na biyu, bijimi ƙara daraja yake yi yana aiki: a saye shi ɗan maraƙi, ya yi damina uku ko huɗu yana huɗa, da rani ya ja amalanke, ya ba da taki, sannan a yi masa kiwon turka a sayar da riba. Tarakta kuwa tun ranar da aka sauke ta take raguwa, kuma duk ƙusar da ta kwance a jikinta daga ƙetare ake kawo madadinta.

Turawan sun gwada tsallake shanu kai tsaye zuwa inji, abin bai yi kyau ba. Shirin noman gyaɗa na Tanganyika, wanda aka fara a 1947, an rufe shi a 1951 bayan asarar miliyoyin fam. A Najeriya an buɗe babban shirin noma da injuna a Mokwa a 1949, ya ruguje a 1954. Injunan sun iya share daji da kaftu, amma shara da noman ciyawa da girbi suka rage a hannun mutane, ga kuma karyewar ƙarafa a wurin da babu kayan gyara kusa. Duk da wannan darasi, daga ƙarshen shekarun 1950 gwamnatocin yankuna suka shiga kafa sassan ba da hayar tarakta ga manoma.

Shekarun kuɗin man fetur

Shekarun 1970 ne suka cika Arewa da taraktoci. Farin da aka yi tsakanin 1972 da 1974 ya karya manoma, cutar da ta faɗa wa gyaɗa a 1975 ta ƙarasa dalar gyaɗa, a daidai lokacin da kuɗin man fetur ke kwarara cikin baitulmali. Gwamnati ta ga cewa maganin yunwa shi ne inji da takin zamani da madatsun ruwa. A 1975 aka fara shirin raya aikin gona na Funtuwa, kudu da Dutsin-Ma, da rancen Bankin Duniya, wanda ya kawo hanyoyin karkara da cibiyoyin sayar da taki da ingantaccen irin masara. A 1976 gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ciyar da ƙasa, a 1980 ta Shehu Shagari ta biyo da nata shirin bunƙasa noma. An kafa masana'antar haɗa taraktocin Steyr na ƙasar Ostiriya a Bauci, wadda ta fara aiki a 1979, kusan lokaci guda kuma aka buɗe ta haɗa manyan motoci da taraktocin Fiat na Italiya a Kano.

Ƙasar Dutsin-Ma ta samu nata rabon a madatsar ruwa ta Zobe, a kan kogin Karaduwa, wadda aka kammala a 1983 ƙarƙashin hukumar raya kogunan Sakkwato da Rima. An gina ta don ta riƙe ruwa fiye da mita miliyan 170 a ma'aunin murabba'i mai zurfi, ta shayar da gonaki kimanin hekta 8,000, ta kuma ba birane ruwan sha. Ruwan ya taru, amma magudanan da za su kai shi gonaki suka tsaya a takarda shekaru da dama. Aikin ruwan sha ma sai a watan Yulin 2021 aka ƙaddamar da shi, shekara 38 bayan gama ginin.

Halin da ya sami Zobe shi ne ya sami taraktocin haya. Sayen mota aiki ne na kasafin manyan ayyuka: a jera su a fili, a ɗaura kyalle, a yi jawabi. Robar da ke hana mai yoyo cikin birki kuwa ba ta da biki. Kuɗin hayar da manomi ya biya baitulmali yake tafiya, shi kuma shugaban sashen sai ya rubuta takarda ya jira amincewa kafin ya sayi ƙaramin abu, damina kuwa ba ta jiran fayil. Kowace gwamnati ta zo da nata samfurin, har gareji ɗaya ya ƙunshi Massey Ferguson da Fiat da Steyr da Ford, ba wadda kayanta ke shiga wata. Hanya mafi sauƙi ita ce a kwance wannan a gyara waccan. Haka harabobin ma'aikatun gona na ƙananan hukumomi suka zama maƙabartar taraktoci. Wani bincike da Bankin Duniya ya buga a 1987 kan noma da inji a Afirka kudu da Sahara ya nuna cewa akasarin irin waɗannan shirye-shirye na gwamnati sun gaza.

Daga gona zuwa titi

A 1980 naira ɗaya ta fi dalar Amurka ɗaya daraja. Bayan gwamnatin Janar Babangida ta shigo da shirin SAP a 1986, dala ɗaya ta kai wajen naira 4 a 1987, ta ci gaba da hawa. Sabuwar tarakta ta gagari kowa sai gwamnati da manyan attajirai, masana'antun Bauci da Kano suka durƙushe. Jihar Katsina, wadda aka cire daga jihar Kaduna ranar 23 ga Satumba 1987, ta gaji sassan haya da tarin motocin da suka tsufa a daidai lokacin da kayan gyara suka yi tsada.

Daga nan tarihin ya koma hannun 'yan kasuwa da kanikawa. Motocin da aka yi gwanjonsu, da na hannu da ake shigowa da su daga Turai, da sababbin da kamfanin Millat na Lahor a Pakistan da TAFE na Indiya ke ƙerawa da lasisin Massey Ferguson, su ne suka ci gaba da aikin. Masana'antar Kobentiri ta daina ƙera tarakta a 2002, amma da yake Pakistan da Indiya sun riƙe tsohon tsarin, kayan gyaransa ba su yanke ba. Wannan na cikin dalilan da suka sa jar tarakta ta binne sa'o'inta: bakanike na iya samun kayanta a Ƙofar Ruwa a Kano ko a Panteka a Kaduna, ya kuma san cikinta kamar yunwar cikinsa. Binciken da cibiyar IFPRI ta yi a jihohin Kaduna da Nasarawa a farkon shekarun 2010 ya gano cewa waɗanda suka sayi tarakta a kasuwa da kuɗinsu sun fi sa ta aiki fiye da waɗanda suka samu ta hannun gwamnati da rangwame.

Sai dai mai tarakta yana da lissafin da gwamnati ba ta damu da shi ba. Damina a tsakiyar Katsina wata huɗu ce, daga Yuni zuwa Satumba, kuma kaftu da huɗa makonni kaɗan ne a farkonta. Motar da ta ci dukiya mai yawa ba za ta kwanta wata goma ba. Wasu kan tura ta kudu inda ruwa ke riga sauka, ta biyo damina zuwa gida. Sauran shekarar kuwa tirela ake ɗaura mata: takin gida zuwa gona da bazara, dammunan gero da dawa da buhunan masara da kaka, yashi da dutse da bulo da rani, kaya zuwa kasuwar Laraba ta Dutsin-Ma. A saman kayan kuma mutane ne, 'yan ƙwadago da masu cin kasuwa da mata masu zuwa biki, wasu ma a kan murfin taya kusa da direba.

Lissafin nauyin ba shi da wuya. Buhu 50 na masara, kowane kilo 100, tan biyar ke nan, ban da nauyin tirelar kanta. Motar da aka yi wa birkin tsayar da tan biyu da 'yan kai sai ga ta tana neman tsayar da tan takwas, domin tirelolin da masu walda ke haɗawa ba kasafai ake sa musu birki ba. Ƙasar Dutsin-Ma da Kurfi kuma ba shimfiɗaɗɗiya ba ce duka: akwai duwatsu, akwai gangara zuwa rafuka da kwalbatoci. In direba ya saki giya a gangara don ya rage shan mai, ya jefar da riƙon da injin ke yi wa motar, wanda shi ne babban abin da ke tare ta. In gudu ya ninka biyu, aikin da ke kan birki ninkawa huɗu yake yi. In kuma taya ɗaya ta kama ɗayar ba ta kama ba, motar kan fizga gefe, tirelar ta turo ta daga baya, su naɗe. A Suwidin an wajabta ƙarfen kariya a kan kujerar direban sababbin taraktoci tun 1959, a Birtaniya tun 1970, mace-macen kifewa suka ragu ƙwarai. Yawancin tsofaffin motocin da ke nan ba su da wannan ƙarfe.

Abin da bakanike ke tararwa a ciki

Birkin waɗannan motoci iri uku ne, kowane da irin ciwonsa.

Na farko shi ne mai ganga, irin na samfurin 135. Gangar ƙarfe tana juyawa tare da taya, a cikinta akwai lanƙwasassun ƙarafa biyu masu ɗauke da fatar birki, waɗanda ke buɗewa su goga jikinta idan an taka feda. Ciwon da ya fi kama shi shi ne mai. Sandar da ke juya taya daga cikin man giya take fitowa, kuma robar zobe ce kaɗai ke tare man. In robar ta bushe ta tsage, ko an cika man fiye da ƙima, ko motar ta saba kwana a karkace, sai man ya zubo ya jiƙa fatar. Fatar da ta sha mai santsi take yi. Dabarar da aka saba ita ce a wanke ta da fetur ko a ƙona ta da wuta a mayar, amma man da ya shige ciki yana sake tsattsafowa da zarar ta ɗauki zafi. Gyaran gaskiya yana farawa da canja robar, sannan a sa sabuwar fata a tayoyin biyu tare.

Na biyu shi ne mai busassun faya-fayai, irin na farkon samfurin 165. Wannan a can ciki yake, kusa da tsakiyar motar. Tsakanin faya-fayan akwai faranti biyu na ƙarfe, a tsakaninsu kuma ƙwallayen ƙarfe ne zaune cikin ramuka masu gangara. In an taka feda, farantan su ɗan juya saɓanin juna, ƙwallayen su hau gangarar, su buɗa farantan, su matse faya-fayan. Ƙura da tsatsa kan sa ƙwallayen su maƙale, sai birkin ya ƙi kamawa, ko ya cafke gaba ɗaya ba zato. Kafin a kai gare shi sai an cire taya, an rage mai, an zare dukan kwankwason da sandar tayar ke ciki. Aikin yini guda ne ko fiye, na mutum biyu ko uku, don abin da kuɗinsa bai kai na taya ɗaya ba. Wahalar buɗewar ce ke sa a yi ta ɗagawa.

Na uku shi ne wanda faya-fayansa ke nutse cikin mai, irin na samfurin 375 da sauran na baya-baya. Ya fi sauran daɗewa, amma yana da sharaɗi: man da ke cikinsa shi ne na giya, shi ne kuma na famfon ɗaga garma, don haka sai an zuba irin man da aka yi domin wannan aiki. In an zuba kowane baƙin mai da aka samu, ko ruwan sama ya shiga ta yagaggiyar robar sandar giya har man ya koma kamar kunu, birkin kan fara ƙara da karkarwa, fatarsa ta riƙa ɓarewa. Ɓarɓashin kuma famfo yake nufa. A nan sakaci da birki ke komawa kan aljihu, domin ranar da famfo ya mutu garma ba ta ɗaguwa. Motocin da fedarsu ke aiki da man birki kuwa, wasu irin na ƙananan motoci suke sha, wasu wani daban, kuma in an gauraya su robobin ciki kan kumbura su lalace.

Aikin kansa yana da haɗari. Tayar baya, musamman wadda aka ɗura wa ruwa don ƙarin nauyi, tana kai ɗaruruwan kilo, in ta faɗo wa mutum sai karaya ko abin da ya fi haka. Bakaniken da ya san aikinsa yana tokare sauran tayoyin, ya kafa gungumen itace mai ƙarfi a ƙarƙashin motar, ba ya amince wa jak shi kaɗai ko bulon siminti. Tsohuwar fatar birki kuma sau da yawa da sinadarin asbestos aka yi ta, wanda ƙurarsa ke haddasa mummunar cutar huhu bayan shekaru masu yawa. Hure ƙurar da baki ko da iskar famfo shaƙar ta ne, goge ta da jiƙaƙƙen tsumma shi ne daidai.

Mataki na ƙarshe shi ne daidaita fedar biyu. Da yake direba ya fi juyawa ta gefe ɗaya a gona, birkin wannan gefen ya fi cinyewa, don haka ko babu abin da ya lalace, sai an riƙa ɗaure notin kowace feda har nutsewarsu ta zo daidai. Gwajin ba ya bukatar na'ura: a sa sakata, a tuƙa motar a hankali a kan fili mai rairayi, a taka birki da ƙarfi, a sauko a duba sawun. In tayoyin biyu sun ja layi mai tsawo ɗaya, motar kuma ba ta karkata ba, aiki ya yi.

Inda aka kwana

Shekarun baya-bayan nan sun ƙara wa tsohuwar tarakta nauyi. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga a yammaci da tsakiyar Katsina sun raba manoma da yawa da shanun huɗarsu, wasu kuma suka sayar da nasu tun kafin a kwashe. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Aminu Bello Masari ta dakatar da cinikin dabbobi na wani lokaci a kasuwannin ƙananan hukumomi da dama, har da Dutsin-Ma. Manomin da ya rasa bijimansa ya rasa garma da amalanke a lokaci guda, sai ya koma layin tarakta domin huɗa da jigila duka. Direba kuma yana sauri ya bar daji kafin duhu. A ɗaya gefen, tsadar man gas tun 2022 da faɗuwar naira daga Yunin 2023 sun cinye ribar da za a yi gyara da ita.

Gwamnatoci sun sake komawa ga maganin da suka saba. A watan Mayun 2025 Shugaba Bola Tinubu ya ƙaddamar da cibiyar noma da injuna ta jihar Katsina, wadda gwamnatin Dikko Umaru Radda ta sayo wa taraktoci 400, a watan Yuni kuma gwamnatin tarayya ta ƙaddamar da wasu 2,000 da aka kawo daga ƙasar Belarus. Bukatar gaskiya ce, ba mai musun ta. Abin da tarihin Mokwa da na sassan haya ke nunawa shi ne ba a ranar ƙaddamarwa ake sanin makomar irin wannan shiri ba. Sai damina ta uku ko ta huɗu, lokacin da robobi suka fara yoyo, za a ga ko akwai shagon kayan gyaran wannan samfurin a Dutsin-Ma, ko bakaniken Kurfi ya taɓa ganin cikinsa, ko kuɗin hayar da aka tara yana hannun wanda zai iya sayen abin gyara a ranar da ake bukata.

Abin da ya riƙe jar tarakta shekara 40 da ɗoriya shi ne kanikawan da suka koyi aikinta a gindin bishiya, ba tare da wata hukuma ta horar da su ba. Dutsin-Ma tana da jami'ar tarayya tun 2011, mai tsangayar aikin gona, a tsakiyar ƙasar da waɗannan mutane ke aiki. Horon makonni kaɗan a kan man da ya dace da kowane birki, da haɗarin ƙurar asbestos, da yadda ake sa wa tirela nata birkin, bai kai kuɗin tarakta ɗaya ba. Ƙungiyoyin masu tarakta da hakimai da dagatai kuma suna da ikon da ba ya bukatar sabuwar doka: su sa a duba birkin kowace mota a watan Satumba, bayan an gama huɗa, kafin a ɗaura tirelar kaka. A wannan tsakanin motar ba ta da aiki sosai, kuɗin huɗa bai ƙare a hannun mai ita ba, kuma makonni kaɗan ne suka rage kafin mutane su fara hawa saman buhuna.